Haƙƙin Mai Mota da Haƙƙin Mai Shaƙar Hayaƙinta

Tun daga farkon shekarar 2016, sa'ad da kamfanin Volkswagen ya soma aika wa masu motocinsa na dizal takardun kira a ƙasashen Turai, yana neman kowa ya kai tasa gareji domin a sake mata manhajar da ke sarrafa injinta, wata mas'ala ta taso tsakanin direbobi da makanikai wadda har yau ƙurarta ba ta kwanta ba, watau ko wajibi ne mutum ya amsa wannan kira, in kuwa ya riga ya amsa, sa'an nan ya ga motarsa ta sake hali, ko ya halatta ya nemi wani gwanin kwamfuta ya mayar masa da tsohuwar manhajar a asirce. Abin da na tsaya a kansa, bayan auna hujjojin sassan biyu gwargwadon iko, shi ne kukan masu motocin nan kuka ne na gaskiya, domin an zalunce su sau biyu, ranar ciniki da ranar gyara. Amma duk da haka mayar da tsohuwar manhaja bai halatta ba, saboda bashin da suke bi kamfani ne ya ci shi, wanda zai biya kuwa idan an mayar, maƙwabci ne da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Asalin al'amarin sananne ne. Ranar 18 ga Satumba, 2015, hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, ta bayyana cewa motocin dizal na kamfanin kimanin 482,000 da aka sayar a ƙasar suna ɗauke da wata dabara a cikin ƙwaƙwalwar injinsu, wadda ke gane lokacin da ake gwada mota sai ta tsabtace hayaƙinta a wannan sa'a, da zarar an hau titi kuwa sai ta saki, har iskar nan mai guba da masana ke kira NOx takan kai ninki 40 na abin da doka ta yarda da shi. Cikin 'yan kwanaki kamfanin ya amsa cewa motoci miliyan 11 ne a duniya duka, har da na Audi da Skoda da Seat masu irin injin nan EA189, shugabansa Martin Winterkorn kuma ya sauka ranar 23 ga watan. Waɗanda suka fara tona asirin wasu 'yan tsirarun masu bincike ne na Jami'ar West Virginia, da suka ɗora na'urar awon hayaƙi a bayan motoci uku, suka yi ta yawo da su a titunan yammacin Amurka, suka fitar da sakamakonsu a watan Mayun 2014. Kaifiyyar algus ɗin kuwa mai sauƙi ce ƙwarai: a ɗakin gwaji ana ɗora tayoyin mota bisa wasu gangunan ƙarfe masu juyawa, tayoyi suna gudu alhali motar tana tsaye, sitiyari ba ya motsi ko kaɗan, sai aka koya wa manhaja ta riƙa lura da sitiyarin, da saurin tafiya, da tsawon lokacin da inji ya yi yana aiki, in ta ga alamomin sun dace da na jarrabawa sai ta koma aikin tsabta.

Ba za a fahimci kukan masu motocin ba sai an san abin da ya kai ga algus ɗin tun farko. Injin dizal yana ƙona mai ne cikin zafi mai tsanani da iska mai yawa, wannan shi ne sirrin ƙarfinsa da tattalin mansa, shi ne kuma musabbabin NOx, domin a irin wannan zafi ne naitirojin da oksijin na cikin iska suke haɗuwa. Hanya mafi araha ta rage zafin ita ce a juyo wani kaso na hayaƙin da ya riga ya ƙone a sake cusa shi cikin inji, ta wani bawul da makanikai ke kira EGR. Sai dai gwargwadon yawan juyowar gwargwadon yawan kunkunniya, ita kuwa kunkunniya taruwa take yi a matatar da ke cikin salansa, matatar kuma idan ta cika sai inji ya ƙara zuba mai domin ya ƙone abin da ya taru. Ashe ke nan maƙerin inji yana tsakanin abu uku, tsabtar hayaƙi da tattalin mai da daɗewar kayan inji, ba ya ƙara wa ɗaya face ya tauye wani, illa fa in ya yarda ya kashe kuɗi ya saka tankin ruwan nan da ake kira AdBlue da na'urar da ke fesa shi cikin hayaƙi, abin da ba a yi wa mafi yawan motocin da aka sayar a Turai ba. Injiniyoyin kamfanin, da suka ga ba za su cika sharaɗin doka ba cikin kuɗi da lokacin da aka ɗiba musu, sai suka zaɓi su cika shi a gaban mai awo kaɗai.

Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da sanin wannan nau'i na ciniki, sun kuma yanke masa hukunci a babin aibi. Mutum ya ƙi tatsar saniyarsa kwana biyu ko uku kafin ranar kasuwa, domin hantsarta ta cika mai saye ya zaci mai yawan nono ce. To, idan mai sayen ya kai gida ya tatsa ya gane ha'incin, shari'a ta ba shi zaɓi, ko ya riƙe ta bisa yarda, ko ya mayar wa mai ita ya karɓi kuɗinsa, tare da ɗan abin da zai bayar a madadin nonon da ya tatsa. Abin lura a nan, zaɓi yana hannun wanda aka cuta, asara kuma tana wuyan wanda ya yi cutar. Amurka, ko da yake ba da littattafanmu take hukunci ba, a kan wannan ƙa'ida ta tsaya: a watan Oktoban 2016 alƙali Charles Breyer na kotun tarayya a San Francisco ya amince da sulhun dala biliyan 14.7, wanda ya ba kowane mai mota zaɓi tsakanin kamfani ya saye motarsa ko ya gyara masa ita kyauta, kuma ko wanne ya zaɓa akwai diyya daga dala 5,100 zuwa kimanin 10,000, aka kuma ware dala biliyan 2.7 domin rage ɓarnar hayaƙin da ya riga ya fita. Zuwa farkon 2018 kamfanin ya saye motoci kimanin 350,000, ya jibge da yawansu sahu-sahu a filaye har da hamadar California, biyu daga cikin ma'aikatansa kuma an ɗaure su a kurkuku, Oliver Schmidt da hukuncin shekara 7, James Liang da na wata 40.

A Turai kuwa, inda motocin suka kai miliyan 8.5, watau mafi rinjayensu, sai aka bi wata hanya dabam. Hukumar kula da motoci ta Jamus, KBA, ta ba da umarnin kiran motoci miliyan 2.4 na ƙasarta a watan Oktoban 2015, ta kuma amince da gyaran da kamfanin ya gabatar, wanda ga injuna masu lita 2.0 da 1.2 bai wuce sake manhaja ba, aikin kamar rabin sa'a, ga masu lita 1.6 kuma aka ƙara wani ɗan gajeren bututun roba mai raga a ciki, wanda tafin hannu ɗaya ya ishe shi, ana saka shi gaban na'urar da ke auna iskar da ke shiga inji domin ya daidaita kwararar iskar. Ba a yi zancen saye ba, ba a yi zancen diyya ba, aka dai yi alkawari cewa ƙarfin mota ba zai ragu ba, shan mai ba zai ƙaru ba, ƙarar inji ba za ta sake ba. Duk mai hankali ya yi tambaya ɗaya a lokacin, har yanzu kuwa tana nan da ƙarfinta: idan aikin rabin sa'a ya isa ya kawar da illar ba tare da an tauye kome ba, me ya kai babban kamfani irin wannan ga ha'incin shekara da shekaru, wanda a ƙarshe ya ci masa fiye da Yuro biliyan 30? An amsa cewa ilmin ƙona mai ya ci gaba tun bayan da aka ƙera injin, kuma haddin Turai na lokacin, miligiram 180 a kowace kilomita, ya fi na Amurka sassauci nesa ba kusa ba; amsar tana da rabonta na gaskiya, amma ba ta gamsar ba.

Ba a daɗe ba ƙorafi ya fara fitowa, musamman a Birtaniya inda abin ya shafi motoci kimanin miliyan 1.2. Wannan ya ce motarsa ta rage ja a hawa, wancan ya ce tanki ba ya kai shi inda ya saba kai shi, wani kuma, wanda kukansa ya fi ban tsoro, ya ce yana tsakiyar babbar hanya fitilar gargaɗi ta kama, inji ya janye ƙarfinsa domin kare kansa, motar ta koma rarrafe ga manyan motoci a bayansa. Wanda ya taɓa ganin bawul ɗin EGR da makanike ya kwance daga tsohuwar motar dizal ba zai yi mamaki ba: kunkunniya ce da tururin man inji suka cakuɗe, suka daskare baƙi ƙirin, suka tsuke hanyar har sai an sa sukudireba ana kankarewa, hannun makanike kuma sai ya kwana biyu bai koma daidai ba. Bawul ɗin da ya shekara biyar ko shida yana ɗan taɓa aiki a kan titi, rana ɗaya aka ɗora masa cikakken kaya, ba abin al'ajabi ba ne in ya gaza. Kamfanin bai amsa cewa gyaransa ne sanadi ba, ya kafa hujja da cewa masu kukan kaɗan ne cikin miliyoyi, gwaje-gwajen ƙungiyoyin direbobi da na masu saye kuma sun sha bamban, wasu sun sami ragin NOx, wasu ba su sami ragin kirki ba. Amma a 2017 shi da kansa ya fito da alkawarin duba ƙorafi a kan kayan inji 11, na juyo hayaƙi da na fesa mai da na tace hayaƙi, har tsawon wata 24 bayan gyara, ga motar da ba ta wuce kilomita 250,000 ba. Alkawarin nan, a ganina, iƙirari ne da aiki, ko da baki bai furta ba.

Sa'an nan abin da ya fi wannan muni ya bayyana, wato sabuwar manhajar ita ma tana da nata sharaɗin, tana juyo hayaƙi sosai ne kawai idan zafin gari yana tsakanin digiri 15 da 33, kuma ba a haura mita 1,000 bisa teku ba, in an fita daga wannan iyaka sai ta sassauta bisa hujjar kare inji. A ƙasashe irin su Jamus da Austiriya, inda yawancin shekara sanyi ya wuce haka, ma'anarsa ita ce tsabtar ta 'yan watanni ce. Kotun Tarayyar Turai, ranar 14 ga Yuli, 2022, a wasu shari'o'i da aka ɗauko daga Austiriya, ta yanke cewa irin wannan dabara haramtacciya ce, ba a yi mata uzuri sai domin kauce wa haɗari na nan take ga inji da tuƙi, kuma ko da haka ba a yarda ta zama ita ke aiki mafi yawan shekara ba. A Fabrairun 2023 kuma kotun Schleswig a Jamus ta goyi bayan ƙungiyar kare muhalli ta Deutsche Umwelthilfe, ta ce amincewar da KBA ta yi wa gyaran wani samfurin Golf ba ta bisa ƙa'ida. Saboda haka wanda ya ce bai amince da gyaran ba kada a kira shi mai taurin kai, domin kotu ma ta tabbatar da rabin maganarsa.

To, daga nan ne masu mayarwa suke ɗauko hujjarsu, aikin kuwa ba shi da wuya. A ƙarƙashin sitiyari akwai wata 'yar kafa mai ramuka 16, mai gyara ya soka waya ya haɗa da kwamfutarsa, ya goge abin da kamfani ya rubuta, ya zuba tsohon rubutun ko wani da ya tsara da kansa, wasu har su toshe bawul ɗin da ɗan farantin ƙarfe, su fasa matatar salansa su zubar da cikinta, kafin la'asar mota ta dawo da janta na da. Mai ita ya ce: motata ce, da gumina na saye ta, abin da aka sayar mini shi nake nema, ban ƙara kome ba. Maganar tana da daɗin ji, sai dai akwai ruɗu a cikinta, domin abin da aka ce an sayar masa mota ce mai ƙarfi da tattali wadda kuma hayaƙinta ke cikin haddin doka, wannan mota kuwa ba a taɓa ƙera ta ba. Wadda aka ƙera ita ce mai ƙarfi da tattali bisa sharaɗin wasu su shaƙi abin da doka ta hana. Ranar da ya saya bai sani ba, babu alhaki a kansa. Ranar da ya mayar kuwa ya sani sarai, har ya biya kuɗi domin a yi, sai ya zama laifin da a da na kamfani ne shi kaɗai ya yi tarayya a cikinsa da gangan.

Abin da ya sa mutanen kirki suke faɗawa cikin wannan shi ne cutar ba ta ganuwa. Baƙin hayaƙin tsohuwar tirela kowa yana ganinsa ya toshe hanci, na motar zamani kuwa ba ya nuna kansa, sai dai ya shiga ƙirjin mai asma da tsoho da jaririn da ake turawa a keke daidai tsayin salansa, ya kumbura hanyoyin numfashi, wani sashensa kuma ya rikiɗe a sararin sama ya zama ƙananan ƙwayoyin ƙura masu kaiwa can cikin huhu. Masu bincike na jami'ar MIT sun ƙiyasta a 2017 cewa rarar hayaƙin motocin kamfanin da aka sayar a Jamus kaɗai, daga 2008 zuwa 2015, zai zama sanadin ajalin mutum kimanin 1,200 a Turai, fiye da rabinsu ma a ƙasashen maƙwabta irin su Poland da Faransa, inda iska ta kai shi. A Disambar 2020 kuma mai binciken musabbabin mutuwa a Landan ya rubuta gurɓatar iska cikin dalilan rasuwar wata yarinya 'yar shekara 9 mai ciwon asma, wadda gidansu ke kusa da babban titin South Circular, ta rasu tun 2013. Ba a ɗora wa motar kamfani guda ba, hayaƙin titi ne baki ɗaya, wanda kowane salansa ya ba da nasa kason. Ajali na Allah ne, amma shari'a ba ta taɓa sauke alhaki daga wuyan wanda ya zama sababi da saninsa ba.

Idan aka ce ai gyaran ma bai cika ba, sai mu ce haka ne, amma maganin gyara mai naƙasa shi ne a tilasta wa mai shi ya cika shi, fuƙaha'u kuwa sun haɗu a kan cewa ba a gusar da cuta da wata cuta irinta. Idan aka ce mota ɗaya me za ta ƙara, sai mu tuna cewa miliyan 11 ɗin nan ɗaya-ɗaya aka sayar da su. Akwai kuma wani fagen da masu mayarwa ba su cika dubawa ba, shi ne ranar da za su sayar. A rajistar kamfani, ƙarƙashin lambar jikin motar, an rubuta cewa an gyara ta, takardar shaida ma tana cikin aljihun mota; mai saye ya duba ya natsu ya biya, alhali abin da ke cikin ƙwaƙwalwar inji ya saɓa wa abin da ke kan takarda, sai wanda aka ha'inta jiya ya wayi gari yana ha'intar wani da irin abin da aka yi masa. Ban da wannan, a Jamus waɗanda suka ƙi kai motocinsu an janye musu izinin hawa titi, kotuna kuma sun tabbatar da janyewar, wanda ya taɓa manhajar bayan gyara kuwa ya jefa izinin motarsa da inshorarsa cikin shubuha. A Birtaniya, inda ba a tilasta ba, wanda ya jinkirta amsa kira saboda tsoron abin da ya sami wasu yana da ɗan uzuri wanda mai mayarwa ba shi da shi, ko da yake shi ma abin da ya fi masa shi ne ya kai, ya sa a rubuta masa halin da bawul da matata suke ciki kafin a taɓa, ya adana kowace takarda.

Dalilin adana takardu shi ne duk haƙƙin da masu motocin Turai suka ƙwato a gaban alƙali suka ƙwato shi. Ranar 25 ga Mayu, 2020, babbar kotun tarayyar Jamus ta yanke cewa kamfanin ya cuci masu saye da gangan, mai mota yana da ikon mayar da ita ya karɓi kuɗinsa bayan an cire na tafiyar da ya yi da ita, wanda kusan shi ne hukuncin saniyar nan ta malamai. A watan Mayun 2022 kuma kamfanin ya yarda ya biya fam miliyan 193 ga direbobi kimanin 91,000 na Ingila da Wales waɗanda suka haɗa kai suka kai ƙara. Wanda ya kai motarsa a ɓoye aka sake mata rubutu ya raunana hujjarsa da hannunsa, domin duk abin da ya lalace daga baya za a ce shi ya taɓa. Babban laifin da nake gani bayan na kamfani na hukumomin Turai ne, waɗanda suka karɓi gyara mafi araha domin tausaya wa masana'antar ƙasarsu, suka bar talaka da lauyansa su yi shekara biyar suna neman abin da ɗan Amurka ya samu cikin shekara ɗaya. Da sun wajabta saye ko saka kayan tace hayaƙi na gaske da kuɗin kamfani tun 2016, da kasuwar masu mayarwa ba ta ci ba.

Mu ma abin bai tsallake mu ba, ko da yake mafi yawan ƙananan motocinmu na fetur ne. Hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙidaya a 2020 cewa tsofaffin motoci miliyan 14 ne aka fitar daga Turai da Amurka da Japan tsakanin 2015 da 2018, kashi 40 cikin ɗari kuma Afirka suka nufo, ta tashoshi irin su Kwatano da Legas. Motar da manhajarta ke sassauta tsabta da zarar zafi ya wuce digiri 33, kowa ya san halin da za ta kasance a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi daga watan Maris zuwa saukar damina. Makanikanmu kuma sun saba cire matatar salansa, suna da hujjar larura, tun da dizal ɗin da aka daɗe ana kawo mana farar wutar da ke cikinsa ta ninka ta na Turai sau ɗari ko fiye, tana toshe matatar. Amma larura ana ƙaddara ta ne da gwargwadonta, ƙasashen ECOWAS kuwa sun amince tun 2020 a rage farar wutar zuwa kashi 50 cikin miliyan, kada kuma a shigo da motar da ba ta kai matakin tsabtar hayaƙi na Euro 4 ba. Ina kira ga hukumar kwastan da hukumar kare muhalli ta Najeriya, NESREA, su riƙa duba matatar salansa da shaidar gyara a kan kowace motar dizal tun a tashar jirgin ruwa. Mai niyyar sayen Volkswagen ko Audi ko Skoda ko Seat ta dizal ƙirar 2009 zuwa 2015 kuma ya sa a karanta masa ƙwaƙwalwar injinta kafin ya biya, in ya tarar an mayar da ita kan tsohuwar manhaja ya bar wa mai ita kayarsa.